Karen Azawak: Me Ya Sa Ake Canza Jini?

Arewa da Tawa, wajen Abalak, Cintabaraden da Tasara, har zuwa Menaka cikin ƙasar Mali, akwai ƙasar da ake kira Azawak. Kowa ya san shanunta masu nono. Tana kuma da wani irin kare na musamman. Buzaye suna ce masa oska.

Karen siriri ne, mai dogayen ƙafafu da faɗin ƙirji. Tsawon namiji daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 64 zuwa 74, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Yana kama zomo, yana bin barewa, da dare kuma yana tsaron zango da garke.

Tafiyarsa Turai

Wajen 1970 Turawa suka fara kai shi Faransa da Yugoslabiya ta wancan zamani. Karnukan da aka kai ba su da yawa. Aka buɗe musu littafi, kowane kare da takardarsa, da sunan uwa da na uba. Aka ce mai takarda sai mai takarda, don kada irin ya gauraya. A 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ita ma ta sa shi cikin littafinta.

Ga inda matsala take. Idan iyayen farko kaɗan ne, bayan ƴan shekaru duk jikokin sun zama dangi. Ko ta ina aka juya, ɗan'uwa ne ke barbarar ƴar'uwarsa. Kuma idan wani namiji ya ci gasar kyau, kowa shi yake kai wa karyarsa. Sai jini ya ƙara ƙuntata. Cikin cututtukan da masu kiwonsa a can suke tsoro akwai farfaɗiya. Shi ya sa wasunsu suka riƙa komowa Sahel, suna neman sababbin karnuka wajen makiyaya.

Yadda gado yake tafiya

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne. Amma ba gudu kaɗai ake gada ba, har da aibi.

Cikin jikin kare akwai wasu zarurruka ƙanana da ido ba ya gani, sai da madubin likita. Su ke ɗauke da gado: launi, tsawo, ƙarfi, lafiya. Su 78 ne, 39 daga uba, 39 daga uwa. Ke nan kowane hali yana da ƙwaya biyu, ta uba da ta uwa.

Kamar magidanci ne mai rumbu biyu. In gara ta ci ɗaya, iyali su ci ɗayan. Haka kare yake. In ƙwayar uba ta lalace, sau da yawa ta uwa tana rufa mata asiri. Karen lafiya lau, amma aibin yana ɓoye cikinsa.

Karnukan da ba dangi ba, da wuya aibinsu ya zo ɗaya. Amma wa da ƙanwa wuri ɗaya suka yi gado. In su biyun suna ɗauke da aibi iri ɗaya, a lissafi kwikwiyo 1 cikin 4 zai ɗauki ɓatacciyar ƙwaya ta ɓangare biyu. Rumbunsa biyu sun ɓaci ke nan, sai ciwo ya fito fili.

Alamomin jini ya yi kusa

Abin ba ya nunawa rana ɗaya. Sannu yake shigowa. Karya ta rage yawan ƴaƴa. Wasu a haife su matattu, wasu su mutu kafin yaye. Waɗanda suka rayu su tashi ƙanana, ciwo kaɗan ya kada su. Wata karyar ma a yi ta barbara ba ta ɗauka ba.

A daji, yawon makiyaya yana taimako. Zango yana tashi, ana haɗuwa a rijiya da wurin lasar gishiri, karnukan nesa suna gamuwa. Amma a garin da mafarauta suka dogara da namiji ɗaya don ya fi gudu, hatsarin yana nan, ko da babu takarda.

Abin da ya kamata a yi

1. Kada a bar uba ya barbari ƴarsa, ko ɗa uwarsa, ko wa ƙanwarsa.
2. Kada namiji ɗaya ya zama uban karnukan gari duka.
3. A nemo namiji mai lafiya daga gari mai nisa, ko a yi musaya da mafarautan can. Ba sai an gauraya da wani iri ba: iri ɗaya, gida dabam.
4. Karen da ke farfaɗiya, ko wanda aka haifa da naƙasa, kada a bar shi ya yi iri, komai gudunsa.
5. Wanda ya iya rubutu ya sami ɗan littafi. Ya rubuta sunan karya, sunan namijin, garinsa da watan haihuwa. Kai yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa.

Wannan doka ba ta kare kaɗai ba ce. Haka take ga jar akuyar Maraɗi, da tumaki, da shanu, da kaji. Bunsurun da ya daɗe cikin garke, wata rana ƴaƴansa zai barbara. A sayar da shi ko a yi musaya tun kafin ƴaƴansa mata su isa. Mai neman ƙarin bayani ya je wurin ma'aikatan kiwo na yankinsa. Riga-kafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Karnukan farautar garin nan, ubansu nawa ne? Shekara nawa bunsurun garke ya yi ba a canza shi ba? Da wane gari za a iya yin musaya bana?