Tsofaffin Gidajen Birni Da Ake Sa Wa A Kasuwa

Kwanakin baya muna rangadin makarantu, hanya ta bi da mu ta wata unguwa a cikin birnin Zariya. Muka iske mutane sun taru a ƙofar wani tsohon gidan ƙasa, mai zankwaye a bisa soro da zanen dagi a fuskar zaure. Muka tambaya ko lafiya. Aka ce mana maigidan ya rasu, magada sun yi yawa, gidan kuwa ba ya rabuwa, saboda haka an sa shi a hannun dillali. Muka nemi izni muka shiga zauren. Ko da ya ke rana tsaka ce, ciki da sanyi kamar an yi yayyafi. Bayan wata uku muka sāke biyowa, ba mu tarar da kome ba sai tarin ƙasa, da bulon siminti an jibge za a gina kantuna.

Ba mu ga laifin magadan nan ba. Shari'a ta ba kowa rabonsa, cikinsu kuwa da marayu da gwauraye masu bukata. Ba mu ga laifin mai saye ba, gama da kuɗinsa ya saya. Abin da ya dame mu shi ne an yi cinikin fili kurum, ba wanda ya yi wa ginin kansa kuɗi, alhali kuwa ginin nan ya fi filin wuyar samu.

Bari mu tuna wa masu karatu irin aikin da ke cikin gida kamar wannan. Magini ya kan kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali, ya shanya, sa'an nan ya jera bango mai kauri daga tushe, yana ragewa yayin da ya ke hawa. Kaurin nan shi ke tare zafin rana, ya riƙe ɗumi da hunturu. Rufi kuwa da azara a ke yi, watau gungumen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika ci ba. Amma azara guda ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce wajen ƙafa 6. Don haka magina suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga, suna ɗora azara bisa azara har su rufe babban zaure ba ginshiƙi a tsakiya. Daga waje a shafe da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. A kafa indararo don ruwan sama ya zuba nesa da bango. Wannan ilmi ba a littafi aka koye shi ba, ɗa ne ke ɗauka daga hannun ubansa. In gidajen suka ƙare, masu yin su ma sun ƙare.

Kada wani ya ce ginin ƙasa ba ya daɗewa. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, har yau kuwa akwai wata unguwa a birnin da ke amsa sunansa. Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda a ke dangantawa da shi, Gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. A Kano, Gidan Makama ya zama gidan ajiye kayan tarihi, haka kuma Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantarsa a Nasarawa cikin 1909. A Agadas ta ƙasar Nijar kuma, a 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin, da gidajensa da hasumiyarsa mai tsawon mita 27, cikin kayan gadon duniya. Waɗannan duka da ƙasa aka yi su. Abin da ya tsirar da waɗanda suka rage a cikinsu shi ne an samu mai yaɓe su kafin damina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma dokar kayan tarihi ta 1953, da ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, gidaje kaɗan suka tsare. Gidan malami, da na attajiri, da na Sarkin Magina, waɗanda ke cikin lungu, ba mai tsaronsu sai masu su. To, me za a yi?

Da farko, ya kamata magada su san cewa a mazhabar Maliki akwai shufa'a. In wani ya sayar da rabonsa na gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa ya fi baƙo cancantar karɓa a kan kuɗin da aka yi ciniki. Ɗa guda mai hali yana iya biyan 'yan'uwansa gida ya zauna a zuriya. Na biyu, masu dukiya su tuna da wakafi. Wanda ya sayi irin wannan gida ya mai da zauren makarantar allo ko ɗakin karatu, ya samu lada, ya kuma bar suna.

Na uku ya shafe mu, mu malaman makaranta da akawunan ofis. Akawu shi ke fara jin labarin ciniki, gama ta hannunsa takarda ke bi. Ba zai hana ba, amma yana iya sanar da malamin makarantar unguwa. Malami kuma ya ɗebi yaransa da igiyar awo da littafi, su auna zaure da shigifa da turaka, su zana fasalinsu, su ɗauki hoto, su tambayi tsofaffi wanda ya gina da sarkin da a ke yi a lokacin. Darasin lissafi ke nan da na tarihi a wuni guda, ba a kashe ko kwabo ba.

Gidan da muka gani a Zariya ba mu auna shi ba, muna tsammani za mu sāke iske shi. Kada ku yi irin sakacinmu. Allah ya sa mu gane darajar abin da iyaye suka bar mana tun yana tsaye, amin.