Ƙarar Inji a Sabon Babur: Yadda Ake Gane Ta da Haƙƙin Mai Saye

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin Titin Zariya daura da Gyadi-Gyadi da sassafe, ko a ƙofar Kasuwar Tarauni da la'asar, zai shaida matsayin babur a rayuwar Kanawa. Ko da yake gwamnatin Jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa a cikin birni a watan Janairu na 2013, babur bai daina zama abin hawan malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa ba. A unguwa irin Babban Giji, magidanci kan daɗe yana zubin adashi, ko ya ci bashi a wurin aiki, kafin ya fitar da sabo a kwali. Saboda haka idan babur ɗin ya soma wata baƙuwar ƙara tun a makon farko, dole hankali ya tashi. Wani yakan yi biris har inji ya buga. Wani kuma yakan garzaya wurin bakaniken da ya fi kusa a kwance inji, ya yi asarar garantinsa. Wannan maƙala za ta bayyana inda ƙarar ke fitowa, da yadda ake rarrabe ta, da matakin da ya dace a ɗauka.

Darasi daga likitoci

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke nan Gyadi-Gyadi, likita ba ya fara yi wa majinyaci aiki sai ya saurari ƙirjinsa. Na'urar da yake ratayawa a wuya ta samo asali ne a 1816, lokacin da wani likita Bafaranshe mai suna René Laennec ya naɗe takarda kamar bututu, ya ɗora ta a ƙirjin wata majinyaciya, ya ji bugun zuciyarta rangadaɗau. Sautin nan biyu da ake ji a kowane bugu yana fitowa ne daga rufewar ƙofofin zuciya guda huɗu. Idan wata ƙofa ta ƙuntata ko ta daina rufewa sosai, sai sautin ya sauya.

Haka lamarin yake ga inji. Gogaggen bakanike yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara mariƙinta a kunnensa. Dalili kuwa shi ne ƙarfe yana ɗaukar sauti fiye da iska. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa a cikin iska, amma a cikin ƙarfe yakan kai mita 5,000. Ta haka kunne ke samun sautin wuri guda, ba tare da hayaniyar sauran sassa ba.

Abin da ke gudana a cikin inji

Yawancin baburan da ake hawa a Kano, irin su Bajaj da Jincheng da Lifan da Haojue, suna da silinda ɗaya, kuma suna bin tsarin zango huɗu wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya ƙera a 1876. Fistin yakan sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi wutar ta tunkuɗo shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Bawul biyu ne ke tsaron ƙofa, ɗaya na shiga, ɗaya na fita.

Ɗalibi zai iya lissafa saurin wannan aiki da kansa. Injin da ke sulo yana juyawa kimanin sau 1,500 a minti, wato sau 25 a daƙiƙa. Tun da sai an yi juyi biyu wuta ke kamawa sau ɗaya, kowane bawul yana buɗewa ya rufe fiye da sau 12 a daƙiƙa. Zuciyar baligi kuwa kimanin sau 70 take bugawa a minti guda. Abin da ke motsi haka ba zai yi shiru ba. Tambayar ita ce, wace ƙara ce ta lafiya, wace ce ta ciwo?

Ire-iren ƙara

Ta farko ita ce ƙyas-ƙyas daga saman inji, kamar ta keken ɗinki. Wannan ta bawul ce. Maƙera sukan bar 'yar rata, wadda a ƙananan injuna ba ta cika wuce 0.05 zuwa 0.10 na milimita ba, wato kusan kaurin gashi guda, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗau zafi. Idan ratar ta yi yawa ƙarar takan ƙaru, kuma saiti kawai take bukata. Abin mamaki, bawul ɗin da ya yi tsit gaba ɗaya ya fi haɗari, domin idan babu rata ba zai rufe sosai ba, zafi kuma zai ƙone bakinsa.

Ta biyu ita ce ɗan ƙwanƙwasa daga tsakiyar silinda da sanyin safiya, musamman da hunturu. Da alminiyam ake yin fistin, shi kuwa yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Kafin ya ɗumama yakan yi ɗan lilo a mazauninsa. Idan ƙarar ta ɓace bayan 'yan mintoci, ba abin damuwa ba ce. Idan ta ci gaba bayan inji ya ɗau zafi, to akwai magana.

Ta uku ita ce ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, lokacin da aka ja totur a babbar giya ko aka ɗau kaya mai nauyi. A nan wani ɓangare na fetur ne ke fashewa da kansa, maimakon ya ci wuta a hankali daga bakin fulogi. Gurɓataccen mai da tsananin zafi ne kan jawo ta. Injin babur da iska yake shan sanyi, a watan Afrilu kuwa zafin Kano yakan kai digiri 40, ga cunkoson hanya. Ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, masu ababen hawa da dama suka koka da lalacewar injunansu.

Ta huɗu, wadda ta fi kowacce muni, ita ce bugu mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana dukan ƙarfe da guduma, yana ƙaruwa idan an ba da wuta. Wannan alama ce ta boris ɗin da ke haɗa sandar fistin da karanshaf ya ci, sau da yawa saboda ƙarancin baƙin mai. Wanda ya ji ta, ya kashe inji nan take.

Akwai kuma ƙarar da ba ta inji ba ce sam. A kwali babura da yawa ke zuwa, a nan gida ake haɗa su, don haka notin salansa ko na murfin sarƙa kan zama ba a ɗaure shi tam ba. Hakazalika ƙas-ƙas ɗin da ake ji bayan an kashe babur, salansa ce ke tsukewa yayin da take hucewa.

Bincike irin na masana

Mai babur zai iya yin gwaji huɗu ba tare da ya taɓa sifana ba. Da farko ya tsai da babur daidai a wuri mai lebur, ya duba ma'aunin baƙin mai, domin abin da injin ke ɗauka bai fi kimanin lita ɗaya ba, raguwa kaɗan ma illa ce. Na biyu, ya lura ko ƙarar tana nan babur na tsaye, ko sai yana tafiya. Wadda ke bin gudun taya ta sarƙa ce ko ta birki. Na uku, ya matse kuloci ya ji ko ta sauya. Na huɗu, ya kwatanta ta a sanyi da kuma bayan tafiyar minti goma. Ya rubuta kwanan wata da adadin kilomita, ya kuma naɗi sautin a wayarsa. Ƙa'idar ɗakin gwaji ke nan: a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta sakamako.

Garanti da doka

Garanti alkawari ne na kamfani cewa zai gyara aibin ƙira kyauta, cikin wasu watanni ko wasu kilomitoci, duk wanda ya riga cika. Bai cika shafar abubuwan da ke cinyewa da aiki ba, kamar taya da fulogi da ƙwan fitila. Yana kuma da sharuɗɗa: a yi juyen mai na farko a kan lokaci, galibi kafin kilomita 1,000, a guji gudu da lodi mai yawa a wannan tsakani, kada kuma wanda kamfani bai amince da shi ba ya buɗe inji. Da zarar an kwance shi a gefen titi, hujja ta ɓace, domin babu mai iya tantance ko aibin daga masana'anta yake ko daga hannun mai gyara.

Ko da dillali bai ba da katin garanti ba, mai saye bai rasa madafa ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ba shi damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku, a gyara masa, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubuta "ba a mayar da kaya" a jikin rasit bai soke wannan haƙƙi ba. Hukumar FCCPC ta tarayya da hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano suna karɓar koke. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, irin su Risala, sun daɗe da tabbatar da zaɓin mayar da haja saboda ɓoyayyen aibi.

Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin a bar shagon dillali, a tabbata an karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar inji da ta jikin babur, a kuma tayar da shi a saurara a gaban mai sayarwa. Idan baƙuwar ƙara ta ɓullo daga baya, a yi gwaje-gwajen nan huɗu, a koma inda aka saya da rasit da sautin da aka naɗa, tun wata uku ba su cika ba, tun kuma ba a kwance ko noti ɗaya a jikin inji ba.