Masu Zanen Allo a Nima: Tsakanin Kyan Aiki da Cika Alkawari

Wanda ya bi babban titin unguwar Nima a Gana ya gangara Mamobi zai ga aikin mai zane tun kafin ya ga mai zanen. Ga allon wanzami mai kawuna jere, kowanne da irin askinsa, ga hoton kwano a rumfar mai tuwon zafi, ga rubutun bayan motocin haya, ga sunan makarantar Islamiyya da boko da Larabci a jikin katanga. Shagon da waɗannan suke fitowa sau da yawa rumfar katako ce kawai: gwangwanayen fenti, burushi a jiƙe cikin kananzir, falankai jingine da bango, da yaran da ke koyon aiki.

Maganar da aka fi ji a bakin wannan rumfa ita ce, "Maigida, gobe nake buɗe shago." Daga nan ciniki yake rikicewa, domin allon kirki yana da matakan da ba a tsallakewa. Sai an goge katako da samfefa, an shafa farin fenti na ƙasa, an bar shi ya kwana. Washegari a ja layuka da alli, a raba fuskar allon gida-gida, yadda hoton da ke ƙaramar takarda zai girma ba tare da hanci ya karkace ba. Sannan launi, sannan inuwa, haruffa a ƙarshe. Fentin mai ba ya jin lallashi. In aka matsa wa mai zane, abin da zai yi shi ne ya tsinka fentin da fetur don ya bushe da wuri, ko ya ɗora launi a kan wanda bai gama shan iska ba. Ranar karɓa allon yana ƙyalli. Ruwan watan Yuni da iskar teku mai gishiri su ne za su tona asiri: ja ya koɗe, fenti ya dinga ɓarewa. Da hunturu kuma ƙura ce ke manne wa ɗanyen aiki.

Wannan ja-in-ja ba sabo ba ne a Gana. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, masu gidajen bidiyo suna yawo da talabijin da janareto da kaset, kuma kowane fim yana bukatar hoton talla. Masu zane irin su Joe Mensah da Heavy J sun riƙa zana su a kan buhunan fulawa da aka ɗinke. Sau da yawa mai zanen bai ma kalli fim ɗin ba, hoton bayan kaset kawai ya gani, sauran ya cike da tunaninsa. Aikin sauri ne, amma ana naɗe shi, a kai shi gari-gari, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi. Yau masu tara kayan fasaha a Amurka da Turai suna sayen waɗanda suka jure, har Ernie Wolfe ya tattara su a littafinsa Extreme Canvas a 2000.

Injin buga hotunan talla yana cikin abubuwan da suka kashe waccan kasuwa, kuma shi ne yake cin ta masu allo yanzu. Abin da burushi zai kwana uku yana yi, inji zai fitar kafin la'asar. A ganina mai zanen da ya ce zai yi tseren sauri da inji ya riga ya faɗi. Abin da ya rage a hannunsa shi ne fuska mai rai da allon da zai shekara biyar bai canza ba. Ta wannan hanyar Moh Awudu, ɗan Nima, ya yi suna da zanen bango, kuma bikin Chale Wote da aka fara a Jamestown a 2011 ya nuna cewa aikin hannu yana da masu kallo.

Sai dai kyan aiki ba hujjar saɓa alkawari ba ne. Allon ɗan takara da ya iso bayan zaɓen 7 ga Disamba, ko na tela da ya zo bayan Sallah, asara ce ko da ya fi kowanne kyau. Masu littattafan labari cikin zane sun daɗe da gano dabara. A Amurka littafin wata-wata yakan kai shafi 20, shi ya sa ake raba aikin: wani fensir, wani tawada, wani launi, wani haruffa. Matasan Zango masu sha'awar irin aikin kamfanin Leti Arts, wanda Eyram Tawia da Wesley Kirinya suka kafa a 2009, za su tarar da wannan matsi yana jiransu. In lokaci ya ƙure, a rage adon bayan hoto, kada a taɓa fuska da rubutu.

Alhaji mai shago, Hajiya mai abinci, in kuna son allon da zai daɗe, ku kai aikin mako guda kafin ranar buɗewa. Kai kuma maigida, in Alhamis ce aikin zai kammalu, ka ce Alhamis tun kafin ka karɓi kafin alƙalami.