Asusu ɗaya, hannu goma: Wa ya sa hannu a takardar ofis?

A ranar 10 ga Satumba, 2024, Maiduguri ta wayi gari cikin ruwa bayan ɓallewar madatsar Alau. Ambaliyar ta shiga fadar Shehun Borno, ta shiga Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ta raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallansu. Duk takardar da ruwan ya tarar a ƙasan kanta ko cikin durowa ta zama laka, alhali abin da aka adana a rumbun intanet yana nan bai jiƙe ba. Ma'aikacin da ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar dogon jawabi kan amfanin komawa aiki da kwamfuta.

Gwamnatin Tarayya ma ta riga ta fuskanci wannan alƙibla. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, ƙarƙashin Didi Esther Walson-Jack wadda ta kama aiki a watan Agustan 2024, ya sanya 31 ga Disamba, 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar fayil ɗin takarda su koma na laturoni. Sai dai sauyin ya zo da tambayar da ba a cika yi da ƙarfi ba. Takarda tana riƙe rubutun hannun mutum, ita kuwa kwamfuta sunan asusu kawai ta sani. Idan mutum goma ke shiga asusu ɗaya da kalmar sirri ɗaya, wa ya sa hannu?

Yadda ɗabi'ar ke somawa

Ba kasafai ake fara raba asusu da mugun nufi ba. A ɗauki misalin ƙaramin ofishin tarayya a jiha, mai darakta ɗaya, akanta ɗaya, sakatariya da jami'ai uku. Hedikwata ta buɗe asusu guda da sunan darakta. Rannan darakta ya tafi taro Abuja, tafiyar da ta haura kilomita 800 a mota, ga kuma takardar da ba za ta kwana ba. Sai ya kira sakatariya ya karanta mata kalmar sirri, lambar tabbatarwa ta faɗo wayarsa ya tura mata ta WhatsApp. Aiki ya tafi, kowa ya ji daɗi. Bayan wata shida, kalmar nan tana rubuce a bayan kalanda, har ɗan bautar ƙasa da ya gama hidimarsa ya tafi da ita a kansa.

Akwai kuma dalilin kuɗi. Manyan manhajojin sa hannu irin su DocuSign da Adobe Acrobat Sign suna cajin kuɗinsu ne bisa yawan masu amfani. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024. Ƙungiya ko ofishin da ke da ma'aikata ashirin sai ya ga sayen kujera biyu a raba ya fi masa sauƙi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: laifin bai tsaya kan ma'aikaci kaɗai ba, tsarin manhajar da farashinta suna da nasu kason.

Abin da doka ta ce

Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 93, ta amince cewa sa hannun laturoni ya wadatar a inda ake bukatar sa hannu. Gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2023 ya ƙara fayyace batun sa hannun dijital, ya kuma kawo sharaɗin da ya kamata kowane babban jami'i ya haddace. Ana ɗaukar sa hannun a matsayin amintacce ne idan bayanan da aka ƙirƙire shi da su suna ƙarƙashin ikon mai sa hannun shi kaɗai a lokacin da aka sa shi. Da zarar kalmar sirri ta shiga hannu na biyu, wannan sharaɗi ya rushe.

Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta fi tsauri. Sashe na 17 ya ce sa hannun laturoni yana ɗaure mai shi a mu'amala, kuma idan aka yi jayayya, nauyin kawo hujja yana wuyan wanda ya ce sa hannun ba na mai sunan ba ne. Wanda ya yi jabun sa hannun wani kuwa da nufin zamba, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 7, ko tarar naira miliyan 10, ko duka biyun.

A haɗa dokokin biyu a ga inda suka ajiye daraktan da ya ba da kalmarsa. Ranar da mai binciken kuɗi ko jami'in ICPC ya ajiye masa takardar biyan da bai taɓa gani ba, da sunansa da sa'ar da aka amince da ita, shi ne zai tabbatar ba shi ya danna ba. Hujjarsa ɗaya ita ce amsa cewa ya raba kalmar sirrinsa, wanda shi ma laifi ne a ƙa'idar aiki. Sakatariyar da ta bi umarnin baki ita ma ba ta tsira ba, domin ba ta da rubutu ko layi ɗaya da zai nuna an sa ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma a irin wannan rana ƙaramin ma'aikaci ne ya fi rasa mafaka.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ƙara wani nauyin. Ofishin da ke riƙe da sunaye, lambobin waya da bayanan mutane, wajibi ne ya tsare su daga hannun da ba a ba izini ba. A Borno, inda rajistar 'yan gudun hijira da ta masu karɓar tallafi ke ɗauke da bayanan mutanen da suka tsere wa kisa, sanin wanda ya buɗe wane fayil batu ne na tsaron rai.

Magabata sun warware wannan

Abin lura shi ne aikin takarda bai taɓa hana wakilci ba, tsara shi ya yi. Duk wanda ya taɓa karɓar wasiƙa daga ma'aikata ya san yadda take ƙarewa: jami'i ya sa nasa hannun, ya rubuta nasa sunan da muƙaminsa, sannan a ƙasa ya nuna cewa a madadin Babban Sakatare ko Minista ya yi. Ikon na shugaba ne, hannun na jami'i ne, kuma dukansu biyu suna kan takardar. Haka nan kowane sharhi da ke cikin fayil yana ɗauke da sa hannun marubucinsa da kwanan wata.

Borno ta san wannan tun kafin zuwan Turawa. Wasiƙun da ke fita daga Kukawa a zamanin Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi, marubutan fada ke rubuta su, amma hatimin Shehu ke shaida cewa maganar tasa ce. Ayarin Denham da Clapperton, wanda ya isa Kukawa a 1823, ya koma Ingila da wasiƙar Shehu zuwa ga sarkinsu. Rubutu aikin magatakarda ne, hatimi kuwa alamar mulki ce, ba a cakuɗa su.

Tarayyar Turai ta dawo kan wannan rabe-rabe a dokarta ta eIDAS ta 2014, wadda ta fara aiki a watan Yulin 2016. Ta ware sa hannun laturoni ga ɗan Adam, ta ware hatimin laturoni ga hukuma ko kamfani. A Amurka, ƙa'idar hukumar kula da abinci da magunguna ta 1997 ta ce kowane sa hannun laturoni na mutum ɗaya ne, ba a ba wani shi, ba a kuma sake amfani da shi ga wani.

Abin da manhaja ta gari za ta yi

Gyara na farko shi ne raba wurin aiki da sa hannu. Ma'aikatan sashe na iya tarayya a akwatin saƙo ɗaya, su ga takardu ɗaya, su san wadda ke jiran amsa. Amma kowa ya shiga da sunansa, kuma duk abin da ya taɓa a rubuta shi da sunansa, da rana, da sa'a.

Na biyu shi ne wakilci a rubuce. Darakta mai tafiya ya buɗe manhaja ya ba mataimakinsa izini daga Litinin zuwa Alhamis, a kan wasiƙu da takardun hutu, ban da biyan kuɗin da ya wuce wani adadi. Takardar da ta fito ta nuna sunan mataimakin da na wanda ya wakilta, izinin kuma ya mutu da kansa idan wa'adi ya cika. Manyan manhajojin suna da wani nau'i na wannan, amma sau da yawa yana cikin tsarin da ya fi tsada. Abin da ya kamata ya zama ginshiƙi an mayar da shi kayan alatu.

Na uku shi ne hatimin ofis. Takardun yau da kullum, irin su shaidar karɓar saƙo ko sanarwar taro, ba sa bukatar hannun shugaba. Hatimin hukuma ya ishe su, muddin rajistar cikin gida ta nuna jami'in da ya buga shi.

Na huɗu shi ne raba matakai. Ma'aikatan kuɗi sun saba da wannan a GIFMIS da Remita, inda wani ke shigar da biya, wani ya duba, wani ya amince. Hikimar tsarin ita ce idanu daban-daban. Idan kalmomin sirrin matakan uku suna aljihun mutum ɗaya, tsarin ya zama hoto. Manhaja mai hankali za ta lura idan matakai uku suka fito daga kwamfuta ɗaya cikin minti biyu, ta ɗaga tuta.

Na biyar shi ne sauyin wurin aiki. Ma'aikacin tarayya yau yana Maiduguri, gobe an tura shi Lakwaja. Ranar da ya miƙa takardar barin aiki ga magajinsa, a ranar ya kamata a rufe ikonsa, takardun da ke jiransa su koma ga sabon jami'i, tsofaffin sa hannunsa kuwa su zauna da sunansa har abada.

Ya kamata a kuma bambance sa hannun dijital da hoton sa hannu. Hoton da aka ɗauka aka manna a ƙasan wasiƙa, duk mai kwafinsa zai iya manna shi a wata. Na dijital kuwa yana aiki da mabuɗi biyu, ɗaya na sirri da ke hannun mai shi, ɗaya na fili da kowa zai iya tantancewa da shi. Ana ƙulla sa hannun da abin da takardar ta ƙunsa, ta yadda ko sifili ɗaya aka ƙara a adadin kuɗi bayan an sa hannu, tantancewar za ta faɗi.

Jarrabawar Maiduguri

Duk waɗannan gyare-gyare ba za su yi amfani ba idan an gina su a kan zaton cewa wuta da sabis ba sa yankewa. Maiduguri ta ga akasin haka. Bayan ayyana dokar ta-ɓaci a watan Mayun 2013, an katse layukan waya a Borno na tsawon makonni da dama. A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka rusa turakun wutar da ke kan hanyar Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, har aka gina tashar gaggawa mai ƙarfin megawat 50 wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Maris na 2023.

Kuma birnin cibiyar aiki ce babba. Nan ne hedikwatar Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, wadda aka kafa da dokar 2017, da Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, da jami'ar tarayya da aka kafa a 1975. Daga nan ma'aikatan agaji ke tashi zuwa Monguno, Dikwa, Gwoza, Ngala da Damasak, wasu wuraren a jirgi mai saukar ungulu. Jami'in da ke can yana bukatar amincewa da rabon kaya ko karɓar aikin ɗan kwangila, sau da yawa a inda saƙon tes ba ya isowa kan lokaci.

Manhajar da ta dogara da lambar da ake turowa ta tes kaɗai, ita ce da kanta ke tura mutane ga raba asusu, domin wanda ke da sabis shi za a roƙa ya danna. Mafita tana nan. Akwai manhajojin waya da ke fitar da lambar tabbatarwa ba tare da intanet ba, akwai kuma 'yar na'urar da ake ratayawa da makulli, irin wadda bankuna ke bayarwa. Ana iya sa hannu a waya da zanen yatsa ko fuskar mai ita, a ajiye takardar har sabis ya dawo ta wuce, tare da nuna lokacin da aka sa hannun da lokacin da ta isa rumbu. Manhajar da ta yi aiki a Damasak za ta yi a Maitama, amma wadda aka gwada a Maitama kaɗai ba ta da tabbas.

Nauyin da ke kan masu saye

Yawancin wannan shawara a Abuja ake yanke ta, a teburin jami'an saye, daraktocin sashen kwamfuta da hadiman da ke rubuta wa shugabanni bayani. Kamfanin Galaxy Backbone, da gwamnati ta kafa a 2006 don samar wa ma'aikatu hanyoyin sadarwa, da hukumar NITDA mai tsara ƙa'idojin fasaha, suna da damar sanya waɗannan sharuɗɗa su zama mizani na bai-ɗaya. Kafin a rattaba hannu kan kwangilar manhaja, a ƙidaya ma'aikatan ofisoshin jihohi duka, ba shugabanninsu kaɗai ba, a kuma nemi farashi na hukuma gaba ɗaya maimakon na kujera-kujera. Tsimin da aka yi a sayen kujera biyu bai kai asarar takardar biya ɗaya da aka rasa mai ita ba.

Hadimi ko sakatare kuwa yana da abin da zai iya yi tun kafin manhajar ta gyaru. Idan maigida ya miƙo kalmar sirri, ya nemi a buɗe masa nasa asusun, ko a ba shi izinin a rubuce da kwanan wata da iyakar abin da zai taɓa. Wannan ba rashin ladabi ba ne ga na gaba. Kariya ce gare su duka biyun, kuma ita ce ƙa'idar da aikin gwamnati ya ginu a kai tun zamanin tafireta: wanda ya yi aiki ya sa sunansa, wanda ya ba da izini ya sa nasa.