Gansakuka da Neman Maganin Ciwon Daji

Duk wanda ya tashi a Paki ya san gansakuka. Da zarar ruwan sama ya ɗauke, kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu sukan rufe da wani koren abu mai santsi, haka ma ramukan ban ruwa a fadamun rake na Maƙarfi da Kudan. Mukan ɗauke ta ƙazanta ce kawai. Amma in aka ɗiga wannan ruwa a ƙarƙashin madubin likita a ɗakin gwaje-gwaje, za a ga ƙananan halittu masu rai ba iyaka, waɗansu kamar zare, waɗansu kamar ƙwallo. Da hasken rana suke yin abincinsu kamar sauran tsire-tsire. Takin zamani da ruwa ke wankowa daga gonaki shi ke sa su yaɗu haka.

To, me ya haɗa su da ciwon daji? Waɗannan halittu ba su da ƙaya, ba su da ƙafar gudu. Saboda haka Mahalicci ya ba waɗansunsu dafi domin kāre kai. Shi kuwa ciwon daji, watau sankara, ƙwayoyin jiki ne suke ta rabuwa biyu ba tsayawa, har su zama ƙari. Masana suka ce, in akwai dafin da zai hana ƙwaya rabuwa, ai ana iya mai da shi magani.

Wani masanin haɗa magunguna a Amurka, George Pettit, ya yi shekaru yana binciken wata dabbar teku, dangin dodon koɗi, daga Tekun Indiya. A 1987 ya bayyana wani sinadari da ya samu a jikinta, ya sa masa suna dolastatin 10. Aikin ba na rago ba ne: ɗaruruwan kilo na dabbar aka tace kafin a sami abin da bai kai cikin cokalin shayi ba. Sai a 2001 aka tabbatar cewa wata gansakukar teku ce take yin sinadarin, dabbar kuwa a abinci take samunsa. Wannan gansakuka tana cikin waɗanda ake kira masu shuɗi-kore, waɗanda masana ke lissafa su cikin dangin bakteriya.

Ga yadda yake aiki. Sa'ad da ƙwaya za ta rabu, takan shimfiɗa waɗansu siraran zaruruwa da ke jan kayan gādonta gefe biyu. Dafin yakan hana saƙa zaren, sai ƙwayar ta mutu. Matsalar ita ce bai san mai lafiya da marar lafiya ba, kuma da aka gwada shi a kan masu jinya bai biya bukata ba. Sai masana suka ƙera irinsa, suka ɗaura shi a jikin wani furotin na garkuwar jiki wanda ke neman ƙwayar dajin ya manne mata, kamar kibiya mai dafi. A 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wannan magani, mai suna Adcetris, domin dajin kaluluwa irin na Hodgkin. Daga 1987 zuwa 2011, shekara 24 ke nan. Wani sinadarin kuma, cryptophycin, shi ma daga gansakuka, an kai shi gwaji aka bar shi domin yana lalata jijiyoyi.

Ba a nesa kaɗai labarin yake ba. A gefen Tafkin Chadi matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata gansakuka mai suna spirulina, su shanya ta a rairayi, su sayar da ita a kasuwa da sunan dihe, ana miya da ita. Fiye da rabin nauyin busasshiyarta furotin ne. Abinci ce mai gina jiki, amma masu tallar ƙwayoyinta da sunan maganin daji suna faɗin abin da bincike bai tabbatar ba.

Kada kuwa wani ya ji wannan ya nufi kududdufi da ƙwarya. Waɗansu irin na ruwan tafki suna fid da guba mai cin hanta. A 1996, a garin Caruaru na ƙasar Burazil, mutum fiye da 50 masu wankin ƙoda suka mutu domin ruwan da aka yi musu aiki da shi yana ɗauke da wannan guba. Ido ba ya rarrabe mai amfani da mai kisa, tafasawa kuma ba ta kawar da gubar. Dabbobi ma a nisanta su da ruwan da ya yi kore shar.

Wanda ya ga ƙari a mama, ko kumburin wuya da ya ƙi sacewa, ko gyambon da ya ƙi warkewa, kada a tsaya shafe-shafe a gida. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen masu ciwon daji, kuma zuwa da wuri shi ya fi ba likita damar taimako. Ɗalibanmu masu son Bayoloji da Kemistiri kuma, ku roƙi malaminku ya ba ku madubi a zango mai zuwa, ku ɗebo ruwan kududdufi a kwalba, ku zana abin da kuka gani. Ku dai wanke hannu da sabulu bayan kun gama.