Tabon Da Ba Ya Jin Auduga

Ya ku malamai da fatake na Bagudo da Illo da Lolo, masu ƙetarawa ƙasar Benin, ku sani ba kowane tabo ne makero ba. Makero yana ƙaiƙayi. Amma idan wuri ya koɗe, ya fi sauran jiki haske, ba ƙaiƙayi, ba gumi, to a rufe idon mai shi, a shafa auduga a kai. In bai ji ba, a gaggauta kai shi asibiti, gama alamar kuturta ke nan.

Ba gado ba ce, ba kuwa sammu ba. Ƙwayar cuta ce, wadda likita Hansen ya gano a 1873. Takan kwanta shekara 5, wani sa'in har 20, kafin ta bayyana. Jijiya take ci, shi ya sa mutum kan ɗauki tukunya mai zafi bai sani ba, miki ya bi miki, har farce ya lalace, yatsa ya gajarce.

Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganin kyauta: wata 6 ga mai tabo 1 zuwa 5, wata 12 ga wanda nasa suka fi haka. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin yana duhunta fata. Kada a firgita, yana washewa daga baya.

Wanda ya fi damuna shi ne falken da ke yanke magani saboda fatauci. Ya shaida wa ma'aikacin asibiti kafin ya tashi, a ba shi guzurin ƙwayoyinsa. Almajirin da ya fara sha kuwa ba ya harbin kowa. Kada malam ya raba shi da 'yan'uwansa wurin karatu.