Sunanka bai fito a NDA ba: abin da ya kamata ka sani kafin ka sake nema

A Ƙofar Marusa, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, da wuya ka bi layi guda ba ka sami gidan da ɗansu ya taɓa cike fom ɗin NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, ba. Wani sau ɗaya ya gwada ya haƙura, wani kuwa sai da shekaru suka tare masa hanya. Ba abin mamaki ba ne. Garin da ya haifi Janar Hassan Usman Katsina da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, ga barikin Natsinta a hanyar Jibiya, ga halin da ƙauyukan Batsari da Safana da Ɗanmusa suka shiga a hannun 'yan bindiga, dole yaro ya tashi yana kallon kaki da anini a kafaɗa a matsayin abin nema. Damuwa tana farawa ne ranar da aka fitar da sunaye ya duba bai ga nasa ba. Daga nan gida ya rabu biyu: masu cewa ya sake gwadawa baɗi, da masu cewa ya rufa wa kansa asiri ya kama wani abin.

Duka ɓangarorin suna gaggawar yanke hukunci, domin ba su fara da tambayar da ta dace ba: a wane mataki aka tsayar da shi? Faɗuwa a neman hafsan soja ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda karatun wata shida ke gyarawa, akwai wadda ko shekara goma aka yi ana nema ba za ta gyaru ba.

Dattawanmu da yawa suna auna abin da zamanin da ya wuce. A farkon shekarun 1960 hukuma ce ke bin yaran Arewa makarantu tana lallashinsu su shiga soja, har aka keɓe wa Arewa rabin guraben hafsoshi a 1961. A wannan yanayi ne marigayi Muhammadu Buhari ya bar makarantar sakandare ta lardin Katsina ya shiga horon soja a Kaduna a 1962, ya sami anininsa a 1963. NDA ɗin kanta sai a 1964 aka kafa ta. Yau labari ya juya. Dubban matasa ke rububin gurabe kaɗan, kuma sashe na 217 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta a raba guraben soja yadda kowane yanki na ƙasa zai samu. Ma'anar wannan ga ɗan Ƙofar Marusa ita ce, ba da ɗan Legas ko ɗan Inugu yake takara ba. Abokan takararsa su ne 'yan Funtuwa da Daura da Malumfashi da sauran ƙananan hukumomin jihar, 34 gaba ɗaya, jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum miliyan 5.8. Yaro na iya cika kowane sharaɗi, ya yi ƙoƙari ƙwarai, gurbin jiha ya cika kafin a zo kansa. Irin wannan ba gazawa ya yi ba, kuma shi ne ya fi kowa cancantar ya sake nema, musamman idan sunansa ya fito a jerin 'yan ko-ta-kwana.

Matakin farko na takarda ne: kiredit biyar har da Turanci da lissafi a zaman da bai wuce biyu ba, a zaɓi NDA a matsayin zaɓin farko a JAMB, a kai makin da aka yanka, wanda ya kan fi tsauri ga masu son injiniya. Sannan jarrabawar tantancewa ta NDA ɗin. Wanda ya faɗi a nan, maganinsa sananne ne, karatu. Sai dai karatun ya zama an canja salo. Winston Churchill, wanda ya jagoranci Ingila a yaƙin duniya na biyu, sau biyu ya faɗi jarrabawar shiga Sandhurst, makarantar da su Hassan Katsina da Shehu 'Yar'aduwa suka halarta daga baya. A karo na uku ya ci, a 1893, bayan an kai shi wurin malamin da aikinsa ke nan, shirya yara wa wannan jarrabawa. Mutane kan ba da labarin don su nuna amfanin nacewa, su manta da cewa bai koma da shirin da ya kayar da shi ba. Yaron da lissafi ya kayar bara, bai nemi malami ba, bai zauna da tambayoyin shekarun baya ba, kuɗin fom kawai zai sake ɓatarwa.

Wanda ya tsallake jarrabawa za a kira shi Kaduna gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja. A can ake duba takardu na asali, a auna tsawo, a yi gwajin gudu da ƙarfin jiki, a yi gwajin lafiya, a yi hira baki da baki. Gudu da motsa jiki ba su da wuyar sha'ani. Wanda ya lazimci fita bayan asuba na wasu watanni zai ga canji. Hirar ma ana koyonta: sanin tarihin ƙasa da al'amuran yau, da iya tsayawa gaban manya a yi magana da Turanci ba inda-inda. Yaranmu da yawa suna da ilimin, kunyar magana ce ke cin su.

Gwajin lafiya ne wurin da ya kamata a daɗe ana tunani, domin a nan ne iyalai suka fi yaudarar kansu. Tsawon da ake nema ga namiji mita 1.68 ne. Saurayin da ya gama tsawonsa bai kai haka ba, babu atisayen da zai ƙara masa. Haka mai sikila, haka wanda idonsa ba ya bambance launuka, haka mai nakasa a ƙashi ko a tafin ƙafa. Ciwon hanta nau'in B ya kan tsayar da samari da dama waɗanda ba su taɓa sanin suna ɗauke da shi ba, saboda ya kan daɗe a jiki bai nuna alama ba. Akwai kuma waɗanda ke gyaruwa: gwaiwa ana yi mata aiki ta warke, ƙiba tana sauka, mai shan tiramol ko kodin ko wiwi zai iya dainawa, kuma dole ya daina, don kansa ma ba don soja kaɗai ba. Sau da yawa yaro zai dawo daga Kaduna abin da ya sani kawai shi ne an kira sunansa an ce ya ɗauki jakarsa. Shawarar da zan ba kowane uba ita ce, kafin a sake sayen fom, a kai yaron asibitin gwamnati a yi masa cikakken gwaji: jini, hanta, ido, bugun zuciya, hawan jini, hoton ƙirji.  Idan likita ya gano abin da ba ya gyaruwa, to an huta da wahala, kuma an gano cutar da za a fara kula da ita tun da wuri. Soja ba don ƙiyayya suke mayar da mai sikila gida ba. Horon da ake yi a dajin Kaduna na iya kashe shi.

Sai maganar shekaru, wadda ita ce alƙalin gaskiya a wannan shari'a. Ƙofar kwas na dindindin a NDA ƙarama ce. Shekara da shekaru sanarwa tana sa 17 zuwa 21, kuma a kan ɗan motsa iyakar, saboda haka sanarwar shekarar da kake nema ita ce abin riƙo. Ga sharaɗin rashin aure a kai. Lissafi mai sauƙi ne: wanda ya gama sakandare yana da 18 yana da damar gwaji uku ko huɗu, wanda ya gama yana da 21 wataƙila ɗaya ce tak. A nan ne shaiɗan ke shigowa da shawarar rage shekaru. Kada a yi. Ranar haihuwarka tana rubuce a NIN, tana JAMB, tana takardar WAEC ko NECO, kuma ana gwama su. Wanda aka kama da takardar bogi, ko ya riga ya shiga, korar wulaƙanci ce, ya rasa sojan ya rasa shekarun.

Babban kuskuren da na fi gani a unguwanninmu bai ma shafi jarrabawa ba. Yaro zai sa NDA a zaɓin farko, ya rasa, ya ƙi sauya makaranta a JAMB, ya zauna a majalisa shekara guda yana jiran fom. Baɗi haka, baɗin baɗaɗa haka. Sa'o'insa suna aji uku a jami'a, shi yana nan da takardar sakandare da takalmin gudu. Abin takaicin shi ne, digirin da ya ƙi nema shi ne mabuɗin ƙofa ta biyu ta zama hafsa. Rundunar sojan ƙasa tana da gajeren kwas na mayaƙa, wato SSC, ga masu digiri ko babbar difloma da suka yi hidimar ƙasa, 'yan shekara 23 zuwa 27, a horar da su wata tara a NDA ɗin nan da suka yi ta mafarki. Akwai kuma DSSC, na masu sana'a: likitoci, ma'aikatan jinya, injiniyoyi, lauyoyi, akantoci, malaman makaranta, limamai, masana kwamfuta. Shekarunsa kan kai wajen 30, ana ma ƙara wa ƙwararrun likitoci. Sojan sama da na ruwa su ma suna da nasu. Sai dai a sani, ana neman sakamako mai kyau, aƙalla daraja ta biyu a digiri. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana nan a bakin gari, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina, ga Alƙalam, ga jami'ar tarayya a Dutsin-ma. Babu abin da ya hana ɗalibin aji ɗaya ya sake neman NDA muddin shekarunsa ba su wuce ba. In ya samu ya tafi, in bai samu ba karatunsa na tafiya.

Gaskiya ɗaya ba za a ɓoye ba: ƙofofin ba matsayinsu ɗaya ba. Waɗanda suka yi kwas na dindindin, shekara biyar ga sojan ƙasa, su ne suka fi kaiwa ƙololuwa. Janar Tukur Buratai ɗan kwas na 29 ne, Janar Faruk Yahaya na Sakkwato ɗan kwas na 37. Hafsan DSSC galibi a fannin sana'arsa zai yi aiki, ba shi za a ba runduna ya ja zuwa daji ba. Amma anininsa anini ne, ana sara masa, iyalinsa na cin albarkacin aikin. Rufewar ƙofa ɗaya ba ita ce ƙarshe ba: Dwight Eisenhower makarantar sojan ruwa ta Amurka ya so shiga, aka ce shekarunsa sun wuce, ya tafi ta sojan ƙasa a West Point a 1911, ya zo ya jagoranci dakarun ƙawance a Turai a yaƙin duniya na biyu.

Wasu kan ce, to bari in shiga kurtu a Depo na Zariya, daga ciki sai in haye. Hanyar tana nan: soja mai aiki na iya neman zama hafsa ta hannun kwamandansa idan ya yi karatu, akwai kuma kwas da ake yi wa manyan sajoji su sami anini. Amma doguwar hanya ce, kuma kurtu ba shi ke zaɓar inda za a tura shi ba, balle lokacin komawa makaranta. Wanda zai shiga Depo ya shiga don ya yarda da aikin kurtun kansa, ko da aninin bai zo ba. Ya kuma tambayi zuciyarsa tsakani da Allah: aikin yake so ko kakin? Aikin ya haɗa da Sambisa da dajin Rugu, da shekaru nesa da iyaye. A watan Agusta na 2021 'yan bindiga sun shiga har cikin NDA a Afaka suka kashe hafsoshi biyu suka sace ɗaya. Idan abin da ke jan ka shi ne tsare jama'a da aiki mai tsari, makarantar hafsoshin 'yan sanda ta Wudil tana ba da digiri da muƙami, kwastan da shige-da-fice da sibil difens suna ɗaukar masu digiri a matsayin jami'ai.

Saura 'yan damfara. Da zarar yaro ya rasa sau biyu, sai wani ya ɓullo yana cewa ya san wani kanar, a kawo kaza a sa suna. Magana ta yaɗu cewa sai mai uwa a gindin murhu ke shiga, kuma wannan zato ne jarin macutan. Hukumomin soja sun sha sanarwa cewa ba a sayar da gurbi. Mun ga gidajen da suka sayar da fili ko tumakin uwa, aka ba su takardar kira ta bogi, yaro ya je bakin ƙofa da akwatinsa aka mayar da shi. Kuɗin da za a ba ɗan damfara, a biya wa yaro malamin lissafi da rajistar jami'a.

Saboda haka, ƙanena, idan lafiyarka ƙalau ce bisa shaidar likita, shekarunka na gaskiya ba su wuce ba, ka kuma san matakin da ya kayar da kai da yadda za ka gyara shi, sake nema, amma daga cikin aji, ba daga bakin titi ba. Idan jiki ko shekaru sun rufe ƙofar NDA, kada ka ƙara ko wata guda a bakinta. Ku kuma iyaye, ku daina kiran yaron da aka dawo da shi daga Kaduna wanda ya kasa. Ku zauna da shi a wannan makon, ku kai shi gwajin asibiti, ku tabbata ya sauya zaɓin makaranta a JAMB kafin a rufe.